Gwajin kyamarar hanji a wani asibitin kuɗi a Wuse: aiki ya yi, risefshan ne da gyara

In maki za a bayar ni dai huɗu cikin biyar zan ba su, ɗayan da na cire ma ba laifin likita ba ne, zan zo kansa. Kawuna muka kai, ya haura hamsin, ya daɗe yana ganin jini a bayan gida yana ta ɗirkar maganin basir na masu lasifika a tasha, sai da ƙyar ya yarda a yi masa kolonoskofi, wato a zura siririn tiyo mai kyamara a duba babban hanji tun daga ƙasa har ƙarshensa.

Abun da ake nema 'yan tsiro ne a bangon hanji, da yawansu ba su da illa amma wasu in aka bar su a hankali suke rikiɗewa su zama kansa, wato ciwon daji, abun kan ɗauki kusan shekara 10, shi ya sa in aka cire tun suna ƙanana an gama magana. Matsalar ita ce hanjin nan ya kai kusan mita ɗaya da rabi kuma duk lanƙwasa ne da ninki, tsiro sai ya laɓe a bayan ninki kyamara ta wuce shi.

A nan suka burge ni wlh. Kyamararsu mai kaifin hoto ce, kuma akwai wata 'yar hular roba da suke saƙala wa bakin tiyon tana baje ninkin lokacin fitowa. Dakta ta nuna mana hotunan bayan an gama, tsiro guda ɗaya ne shimfiɗaɗɗe kamar ƙwayar gero, da farin haske ni ban ga komai ba, sai da ta nuna wanda aka ɗauka da wani shuɗin haske na kyamarar da ake kira NBI sannan jijiyoyin wajen suka fito raɗau. Tun lokacin gwajin ta cire shi aka tura lab.

Na tambaye ta zancen kwamfutar nan mai AI, irin GI Genius ta kamfanin Medtronic da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2021, wadda ke zana koren akwati a allo da ta hango abun da ya yi kama da tsiro. Ta ce su ba su da ita tukuna, tana taimakawa musamman a ƙanana amma tana yawan zana akwati a kan kumfa ko guntun kashi, kuma inda kyamara ba ta haska ba ita ma ba za ta gani ba. Na ji daɗin da ba ta yi mana cika baki ba. Daɗaɗɗiyar ƙa'ida dai ita ce janyo tiyon waje ana dubawa kar ya ɗauki ƙasa da minti 6, ita kuwa ta rubuta lokacin a takardar sakamako, ya wuce haka sosai.

To risefshan. Maganin wankin ciki kawai suka miƙa mana da takarda da Turanci zalla, ba wanda ya zauna ya ce wa dattijo Kawu ka bar zogale da ganye da wake kwanaki kafin ranar, ka raba maganin biyu rabi da dare rabi da asuba. Wata nas ce ta kira da yamma ta yi bayani da Hausa, Allah ya saka mata, in ba haka ba da hanjin bai wanku ba kuma sai a ce a dawo a sake biya, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, na lab ma daban suke caja kuma ba su faɗa tun farko ba.

Allurar barcin ba matsala, ya farka yana tambayar ko an fara, amma ku je da wanda zai tuƙo ku gida. A Amurka tun 2021 daga shekara 45 ake fara gwajin ko mutum lafiyarsa lau, ita kuma Dakta cewa ta yi 'ya'yan Kawu su jira sakamakon lab, shi zai nuna ko su ma sai sun fara da wuri.