Etymonline, shafin da ke tono asalin kalmomin Turanci

Malaman Turanci da ɗalibai, in ba ku san Etymonline ba gaskiya ana barinku a baya. Shafi ne a intanet, akwai manhajarsa ta waya ma, wani Ba'amurke mai suna Douglas Harper ne ya kafa shi a 2001, kuma kyauta ne, data kawai za ka sa. Ba irin kamus ɗin da muka saba ba ne fa, shi aikinsa ya gaya maka daga ina kalma ta fito da yadda ma'anarta ta yi ta juyawa har ta iso yau.

Ku gwada shi da kalmar nice, wannan dai da muke rubutawa a ƙarƙashin hoton kowa a Facebook. Wallahi asalinta zagi ne. Daga Latin ta fito, nescius, wato wanda bai san komai ba, jahili kenan, sai ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 13 da ma'anar wawa ko sakarai. Daga nan ta koma mai tsirfa, wanda ba a iya masa, can a shekarun 1500 kuma ta zama abin da aka yi shi daidai da natsuwa ba kuskure, sai a 1769 ne aka fara ganinta a rubuce da ma'anar abu mai daɗi, ma'anar mutumin kirki kuwa sai 1830. Duk wannan a ɗan sakin layi ɗaya yake, kowace ma'ana da lokacinta a gefe, kuma abin da ya fi burge ni kenan, ba surutu ba labarin ƙanzon kurege irin wanda ake turowa a WhatsApp. Shekarun nan na rubutu mafi tsufa da aka samu ne, a baki ta yiwu an riga an daɗe ana faɗa.

Ku duba sugar ma, za ku ga ta Larabci ta biyo, sukkar, inda mu ma muka samo sukari, shi kuma Larabcin daga Farisa, Farisa daga Indiya.

Sai dai fa ba na ɗan koyo ba ne. Komai da Turanci yake, ga gajerce-gajerce irin su 13c. da PIE da sai mutum ya saba, na farkon yana nufin ƙarni na 13, na biyun tsohon harshen da masana ke ganin shi ne kakan Latin da Turanci da Hindi. Yaron da ke shirin WAEC yana neman ma'ana da misalin jimla gara ya riƙe kamus ɗinsa na makaranta. Amma malami da ke son aji ya farka, ka buɗe nice a gabansu gobe, ka tambaye su ma'anarta tukuna kafin ka karanta musu.