Jakar silikon, naman jiki ko nonon sawa: abin dubawa kafin a zaɓa

Idan likita ya kawo maganar sake gina nono bayan an cire shi saboda sankara, tambayar da mata suka fi yi ita ce ko jakar da za a dasa za ta dawo da cutar. Bincike bai nuna haka ba. Dawowar sankarar mama ta danganta ne da irin ƙullutun, da girmansa, da kuma ko ya kai kaluluwar hammata. In ma ta dawo a wurin, galibi a fata ko ƙarƙashinta take ɓulla, kusa da tabon tiyata, inda yatsa zai iya jin ta.

Jaka iri biyu ce, mai silikon da mai ruwan gishiri. Aikinta ya fi na gina nono da naman jiki sauri, ba a kuma yanka wani sashe na jiki, amma ba ta zama har ƙarshen rayuwa. Jiki yakan yi mata kube na tabo, wani lokaci kuben ya tsuke har nonon ya taurare, ya karkace, ya riƙa ciwo. Mai ruwan gishiri idan ta fashe nan da nan ake ganin ta sace, ta silikon kuwa takan tsage shiru, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawarar a yi hoto bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan kuma duk shekara 2 zuwa 3. Akwai wata sankara ta daban, BIA-ALCL, wadda ba ta da yawa, ana danganta ta da jaka mai kaushin baya, kuma saboda ita kamfanin Allergan ya janye samfurinsa na Biocell a 2019. Alamarta kumburi ne na ruwa da ke tasowa bayan shekaru. Don haka a tambayi sunan jakar, a karɓi katinta, a adana shi tare da takardun asibiti.

A ganina, abin da ya kamata ya raba gardama shi ne gashi, wato ƙona ƙwayoyin sankara da hasken na'ura. Mata da yawa a ƙasar nan ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa, ga shi kuwa irin wannan galibi tana buƙatar gashi, wanda ake yi a wurare irin cibiyar sankara ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba. Fatar da aka gasa takan ƙanƙance, kuma haɗarin taurewa, da ruɓewar rauni, da cire jakar gaba ɗaya yakan ƙaru. A nan naman jiki ya fi dacewa: a ɗebo fata da kitse daga mara, ko tsoka daga baya. Aikin na ɗaukar sa'o'i masu yawa, jinyar ta fi tsawo, za a sami tabo na biyu, kuma na mara yana buƙatar likitan da ya ƙware wajen ɗinke ƙananan jijiyoyin jini. Mai ciwon suga ko wadda tabonta ke yin tudu ta faɗa wa likita tun farko.

Nonon sawa a cikin rigar mama ba ya buƙatar tiyata, shi ne kuma mafi sauƙin kuɗi, sai dai gumi yakan taru a ƙarƙashinsa a zafin Legas, musamman ga mai zaman bas cikin hijabi daga Agege ko Mile 12. Wadda ta fara da shi ba ta rufe ƙofa ba, domin ana iya gina nonon ko bayan shekaru da gama magani.