Kwana tara da Prelude ɗita ta yi a wani gareji na baifas

Motar Honda Prelude ce ƙirar 1997, mai ƙofa biyu da giyar hannu. Yayana ne ya shigo da ita daga Kwatano shekarun baya, da iyali suka ƙaru kujerun baya suka yi masa kaɗan sai ya sayar mini. Ta Amurka ce, don haka agogonta mil yake ƙirgawa. Injinta shi ne H22 mai lita 2.2, ƙarfin doki 195, da tsarin nan na VTEC da Honda ta yi suna da shi, mai ƙara buɗe bawul idan inji yana juyawa da sauri sosai. Kamfanin ya fara ƙera Prelude a 1978, irin tawa kuma aka daina yin ta a 2001, shi ya sa kayanta ba sa zube a kasuwa kamar na Accord ko Civic. Ina son motar nan ƙwarai, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne na san akwai masu riƙe da tsofaffin motoci irinta a Sakkwato da ke wahala wajen samun hannun da zai taɓa su da sani.

Abin da ya kai ni garejin wata Juma'a ce ta watan Afrilu. Na ajiye ta a rana kusa da Masallacin Sultan Bello, aka idar da salla na dawo, na murɗa makulli, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Karo na huɗu ke nan cikin wata guda. Kullum haka take yi: da safe bugu ɗaya ta tashi, idan ta sha rana ta ƙi, a bar ta zuwa la'asar ta tashi kamar ba abin da ya faru. Kafin nan wani bakanike ya sa na sayi sabon batir, bayan mako biyu ya sa na canza famfon mai, duk ba ta canza zane ba. Kuɗina sun tafi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa gwada komai ba kafin ya ce a saya. Wani dattijo da muka yi sahu ɗaya ya ga ina ta fama, ya kwatanta mini wani gareji a hanyar baifas, ya ce mai wurin ya tsufa a kan Honda.

Wurin ba shi da allo. Rumfar kwano ce da rami ɗaya, da dogon benci a gindin dogonyaro, da almajiran sana'a guda uku. Mai garejin zai kai shekara sittin da wani abu, Baba kowa ke ce masa, ni ma haka na bi. Na zayyana masa matsalar, bai buɗe bonet ba. Ya shiga ya zauna, ya ce kowa ya yi shiru, ya murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ya kasa kunne.

"Malam, ka ji wani abu daga baya?"

Na ce ban ji ba, Baba.

"To ai shi ne. Kamata ya yi famfo ya yi ƙugi na daƙiƙa biyu. Wuta ce ba ta isa gare shi."

Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya ciro wani ɗan akwatin roba da bai kai tafin hannu ba. Rile ne, wanda ke ba famfon mai da kwamfutar injin wuta. Ya ɓalle murfin, ya juya allon cikinsa ya miƙo mini a cikin hasken rana. Sai da ya nuna da bakin sukudireba sannan na gani: a ƙafafu uku na dalmar akwai wani siririn zobe baƙi, kamar gashi, ya zagaye kowace. Tsagewa ce. Idan cikin mota ya yi zafi ƙarfe ya buɗa, tsagar ta rabu, wuta ta yanke, idan ya huce ta koma ta haɗe. Tsohuwar cuta ce ta Honda na wancan zamani, kuma a garin da ake ganin digiri 43 da abin da ya fi a bazara dole ta fito. Ya aika aka kira mai wayarin na maƙwabta, aka narkar da tsohuwar dalma aka zuba sabuwa, cikin minti ashirin mota ta tashi da tsakar rana.

Da na tashi biya in tafi sai ya tambaye ni yaushe aka canza taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin. Ban sani ba. Na kira yayana, shi ma ya ce tun da ya saya bai taɓa ba. Baba ya yi shiru, sannan ya ce in ba shi izini ya cire murfin sama ya leƙa. Bayan bel ɗin ya yi ƙyalli, ya lanƙwasa gefensa kaɗan da yatsa sai ga ƙananan tsagu a jere. Ya ce, "Wagga mota in bel ya tsinke tana gudu, fistin da bawul za su yi karo. Ba ja za ka yi zuwa gareji ba, inji za ka nema." Gaskiya ya faɗa, haka aka ƙera H22. Honda ta rubuta wa motocinta na wancan lokaci a canza bel a mil 105,000 ko shekara 7, amma inda zafi ke wuce digiri 43 ta rage zuwa mil 60,000, kusan kilomita 100,000. Mu nan a sahu na biyu muke. Na bar masa motar a ranar.

A nan ne na ga bambancinsa da sauran. Bai tsaya ga bel ɗaya ba. Injin yana da ƙaramin bel na biyu mai juya sandunan da ke rage girgiza, ya ce a canza su tare, da famfon ruwa wanda taimin bel ɗin ne ke juya shi, da robobin da ke tare mai a bakin sanduna. Dalilinsa mai sauƙi ne: kuɗin aikin na buɗewa ne, idan aka rufe famfon ruwa ya fara yoyo bayan wata uku sai an sake kwance komai. Ya kuma nuna mini abin da ke ɗaure bel ɗin, wanda a H22 da mai yake aiki a cikinsa kuma an san shi da sakewa idan ya tsufa. Ya matsa shi a kan teburi, ya shige ba wani ƙarfi. Shi ma aka sa shi a lissafi. Wani abu da na lura, da yaronsa ya ɗora sifana zai juya injin, sai Baba ya riƙe masa hannu, ya tuna masa cewa waɗannan injinan Honda hagu suke juyawa, saɓanin yawancin motoci.

Kayan ba a same su a Sakkwato ba. Bel biyu da famfon ruwa daga Ƙofar Ruwa a Kano aka sako su a mota, abin ɗaure bel kuwa sai daga Ladipo a Legas. Wannan jira ne ya cinye kwana shida cikin taran.

Aikin da ya fi burge ni shi ne saitin bawul. Ya ce in ina son gani in zo bayan sallar asuba. Na ɗauka don sanyin aiki ne, ashe ƙa'ida ce: Honda ta ce a yi saitin kan injin bai kai digiri 38 ba, a watan Afrilu kuwa da hantsi ya ɗaga iskar kanta ta wuce haka. Na isa gari bai gama wayewa ba, na tarar ya cire murfin, ya rataya fitila a bonet. Bawul 16 ne, kowanne da tazarar da ake bari, wadda ba ta kai kwatan milimita ba. Yana da wasu siraran ƙarafa na awo a jere kamar wuƙar aljihu, lambobinsu sun kusa gogewa don tsufa. Zai zura ɗaya, ya ja a hankali, ya saki noti, ya murɗa sukuru kaɗan, ya sake ja. Notin a cikin rami suke, sifana ba ta kai musu, don haka ya haɗa wa kansa soket mai lamba 10 da hannu a wurin mai walda, sukudireba na bi ta tsakiyarsa. Ya ba ni na ja sau ɗaya don in ji yadda ƙarfen ke ɗan riƙewa ba tare da ya maƙale ba. Biyar daga na ɓangaren hayaƙi sun matse. Ya ce wanda ya saki yana ƙara, mai mota ya ji ya kawo, wanda ya matse kuwa shiru yake yi har ya ƙone.

Sai batun lagireto, inda muka ɗan yi jayayya. Da ya buɗe ya tarar babu tamostat, fanka kuma an haɗa ta kai tsaye, da an kunna mota take juyawa. Na san da haka, kuma na yarda da shi, domin kusan kowane bakanike a garin nan haka yake yi wa motar da ta zo daga ƙasar sanyi. Baba ya ƙi. Ya ce tamostat na Honda a digiri 78 yake buɗewa, aikinsa ya kai injin zafin da aka ƙera shi a kai ya riƙe shi a nan. Idan babu shi, da safe musamman lokacin hunturu injin yana daɗewa bai yi ɗumi ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur, VTEC ma ba ya buɗewa sai ruwa ya yi zafi. Mota mai lafiyayyen lagireto ba ta tafasa don tana da tamostat. Nawa lagireton ya toshe da farin ƙasa na ruwan burtsatse da na yi shekaru ina ɗurawa. Aka wanke, aka sa tamostat, aka mayar da fanka kan na'urarta, aka zuba ruwan sanyaya inji na galan. Na yi mako ina kallon allurar zafi da fargaba a cunkoson kasuwa, ba ta taɓa wuce inda ta saba tsayawa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita ana jin ta a aljihu, kuma na ga sauƙi a shan mai.

Sauran ƙananan ayyuka ne. Filogi huɗu na NGK, wanda ya dage in saya a wurin da ya amince da shi saboda jabu sun yi yawa. Robobin murfin inji, don biyu daga ramukan filogi sun cika da baƙin mai. Murfin distiribita da abin da ke juyawa cikinsa. Matatar iska, wadda ya buga a ƙasa ƙurar hunturu ta tashi kamar an zazzage buhun siminti. Ya wanke ƴar rariyar da ke bakin na'urar VTEC, ya juye man birki da ya koma baƙi, ya juye na giya. Baƙin mai ya zaɓa mini 10W-40 maimakon mai kauri 20W-50 da ake zuba wa kowa, ya kuma ce in riƙa zaro sandar awo duk lokacin da na sha fetur, domin H22 da ya tsufa yana shan mai kuma VTEC da ƙarfin man yake aiki.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Baba ba ya ɗaga waya idan yana aiki, kuma kusan kullum aiki yake, sai na yi ta zuwa da ƙafata don in san inda aka kwana. Kwana huɗu ya ce mini da farko, aka yi tara. Wurin a buɗe yake, iska na kwaso yashi, duk da dai na ga yana rufe injin da tsumma mai tsabta da leda duk lokacin da ya tashi. Ɗaya daga yaran ya shiga motar da kayan aiki ya bar mini tabon giris a kujerar direba, har yau bai fita duka ba, kuma wannan ya dame ni don kujerun na asali ne. Kuɗin aikinsa ya fi na sauran garejin da na sani, bai kuma rage ko sisi ba. Amma duk abin da ya cire ya tara mini a kwali ya sa a but, ya zauna ya ƙirga mini su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da na karɓa muka fita gwaji hanyar Boɗinga, yana gefena. Da muka wuce gari hanya ta buɗe ya ce in bar ta a giya ta uku in taka. Allurar juyin inji ta haura dubu biyar, muryar injin ta sauya ta yi kaifi, motar ta ƙara miƙewa. Na yi shekara biyu ban ji wannan sautin ba. Baba bai ce komai ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan dashbod yana saurare, can ya ce in sassauta, akwai ƙara a ƙafar gaba ta dama. Bushin ne, wato robar mahaɗar ƙarafan ƙafa, ya ce zai kai bayan damina idan na riƙa bin tudun hanya a hankali.

Da muka dawo ya ɗauko wani ƙaramin littafin makaranta, ya sa yaronsa ya rubuta kwanan wata, da lambar da agogon ke nunawa, da duk abin da aka canza, da mil ɗin da zan dawo juye. Ya ce in ajiye a aljihun mota kada in fitar. A shafi na biyu an rubuta bushin ƙafar gaba, watan Oktoba, kuma na riga na aika Kano a nemo mini.