Sharhi kan Bukukuwan Kirsimeti a Wata Firamaren Cocin Ingila

Makarantar da nake koyarwa firamare ce ta Cocin Ingila a arewacin ƙasar, kuma irinta ba baƙuwa ba ce a nan, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun firamare a Ingila suna ƙarƙashin wannan coci, ko da yake gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu kuma iyaye ba sa biyan kuɗin makaranta. A makonnin ƙarshe na zangon da ke farawa a Satumba, makarantar tana gabatar wa iyaye abubuwa uku: wasan kwaikwayo na haihuwar Yesu, taron kyandir da ake kira Kiristingil, da sujadar karatu da waƙoƙi a cocin unguwa. Hukuncina a taƙaice shi ne, wanda ya fi sauƙin shiryawa shi ya fi kyau, wanda kuma ya fi cin lokaci da kuɗi shi ya fi rauni.

Kiristingil ne ya fi burge ni, alhali kayansa ba su taka kara sun karya ba. Ana ba kowane yaro lemon zaƙi guda da aka kafa wa kyandir a ka, aka ɗaura masa jan ƙyalle a tsakiya, aka soka masa tsinke huɗu masu ɗauke da alawa ko busassun 'ya'yan itace. Lemon yana nufin duniya, kyandir hasken Almasihu ne, jan ƙyallen jininsa ne, tsinkayen kuwa lokutan shekara huɗu da albarkar da ke cikinsu. Al'adar ta samo asali ne daga Cocin Morabiya a Jamus a shekarar 1747, sannan ƙungiyar taimakon yara ta Children's Society ta shigo da ita Cocin Ingila a 1968, shi ya sa gudummawar da ake tarawa a wurin take tafiya ga wannan ƙungiya. Abin da ya sa na yaba masa a matsayina na mai koyarwa shi ne, yara da kansu suke haɗa kayan a aji, kuma yaro ɗan shekara shida yana iya bayyana ma'anar kowane ɓangare ba tare da an sa shi hadda ba. Da yake rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, ana iya kashe fitilun coci a kunna kyandirori tun kafin lokacin abincin dare, don haka ba a tsare ƙananan yara har dare. Makarantar ta kuma yi hankali da wuta: an umarci masu dogon gashi su ɗaure shi, an ajiye bokitan ruwa a ƙarshen layukan kujeru, 'yan ajin farko kuma an ba su sandar roba mai haske a maimakon kyandir.

Sujadar karatu da waƙoƙi ta manyan azuzuwa ce, kuma an ɗauko tsarinta daga sujadar karatu tara da Bishop Edward White Benson ya fara a garin Truro a 1880, wadda Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauka a 1918, BBC kuma ta soma watsa ta a rediyo a 1928. Cikakken tsarin da aka saba bi yana farawa da faɗuwar Adamu a Littafin Farawa, ya bi ta annabcin Ishaya, ya ƙare da babin farko na Bisharar Yahaya. Makarantarmu ta rage yawan karatun domin kada taron ya wuce awa ɗaya, kuma ban ga laifin hakan ba. An horar da masu karatu su tsaya daidai, su ɗaga murya, su daina gaggawa, wanda a ganina darasi ne da ya fi wasu na cikin aji amfani. Matsalar guda ita ce sanyi, domin ginin cocin tsohon dutse ne da na'urar ɗumama ɗaki ba ta iya masa, saboda haka duk wanda zai halarta ya zo da rigar sanyi mai kauri.

Wasan kwaikwayon ne na ke da ƙorafi a kansa, kuma shi ne iyaye suka fi ɗoki. Manufar makarantar ita ce kowane yaro daga shekara huɗu zuwa bakwai ya hau dandamali, manufa ce mai kyau ƙwarai, sai dai labarin da Luka da Matiyu suka bayar a Bisharunsu ba shi da mutanen da za su ishi yara masu yawa haka. Da an raba matsayin Maryamu, Yusufu, mala'ika Jibra'ilu, makiyaya da masu hikima daga gabas, sai a koma ƙirƙirar taurari, tumaki, raƙuma da masu masauƙi barkatai, har labarin ya nemi ɓacewa a cikin cunkoso. Hasali ma Luka bai ambaci mai masauƙi ko jaki ba, Matiyu kuma bai ce masu hikimar su uku ne ba, kyautai uku kawai ya lissafa, wato zinariya, lubban da mur. Makarantar da ke ɗauke da sunan coci ya kamata ta nuna wa yara bambancin nassi da ƙarin al'ada, amma ba a yi hakan ba ko sau ɗaya a lokacin atisaye. Rubutun wasan ma saye aka yi daga kamfanin da ke sayar wa makarantu irinsa haɗe da kiɗan da aka naɗa, kuma muryoyin da ke cikin naɗin sun danne na yaranmu a mafi yawan waƙoƙin.

Sai kuma lokacin da ya ci. Tun daga tsakiyar Nuwamba darussan bayan abincin rana suka koma atisaye, zauren da ake motsa jiki ya zama dandamali, yaran da ke da layi ɗaya tak suka riƙa zama a ƙasa suna jiran a zo kansu. An kuma ɗora wa iyaye nemo kayan sawa, inda masu hali suka sayo a kanti, sauran suka yi da zanen gado da tawul. Da makarantar ta tanadi akwatin kaya nata tana juya su shekara-shekara, da wannan bambanci bai fito fili ba.

Ta fuskar tsari kuwa, makarantar ta cancanci yabo. Shiga kyauta ne, amma tikiti biyu ake ba kowane gida saboda ƙa'idar yawan mutanen da zauren zai ɗauka, kuma an yi wasan da safe an maimaita da rana domin masu zuwa aiki. An yarda a ɗauki hoto a ƙarshe, an hana sa hoton ɗan wani a Facebook ko WhatsApp, kuma shugabar makarantar ta faɗi dalili a fili: akwai yaran da bai kamata a san inda suke ba.

Iyaye Musulmi, waɗanda 'ya'yansu suna da yawa a azuzuwanmu, su sani cewa tun dokar ilimi ta 1944 suna da haƙƙin cire yaro daga ibadar makaranta ba tare da sun ba da hujja ba. Makarantar ta aika wasiƙa tun kafin a fara atisaye, ta tanadi aji da malami ga waɗanda aka cire, wasu iyayen kuma suka amince da wasan kwaikwayo suka ƙi zuwa coci, aka kuma mutunta zaɓinsu. Shawarata ita ce a sami malamin aji tun farkon Nuwamba, kafin a raba matsayi, domin janye yaro bayan ya haddace layinsa yana yi masa ciwo, yana kuma dagula wa sauran shiri.