Cak mai ɗaurin Camlock D1-4: yana da saurin canzawa, amma sai an saita turakunsa

Masu injin sassaƙar ƙarfe da suka saba da cak (kan da ke riƙe ƙarfen da ake sassaƙawa) mai zare, wato wanda ake murɗawa a bakin injin, sun san haɗarinsa: in aka juya injin baya da ƙarfi, cak ɗin yana iya kwancewa ya faɗo. Ɗaurin Camlock ya kawar da wannan matsalar. Samfurin D1-4 yana da turaku 3 a bayansa, suna shiga ramukan bakin injin, makullai 3 su ja su ciki har cak ya zauna daram. D1-6 kuwa turaku 6 gare shi. Gaba ko baya, ba ya motsi, kuma wanda ya iya zai musanya cak mai haƙoran riƙo 3 da mai 4 cikin 'yan mintuna.

Inda aka fi samun kuskure shi ne sabon cak, domin turakunsa ba sa zuwa a saite da injinka. Kusa da kowane makulli akwai alamar V guda 2. Idan aka ɗaure, layin da ke kan makullin dole ya tsaya tsakaninsu. In ya zarce ta biyu, turken ya yi tsawo: a sauke cak, a cire ƙaramin sukurun da ke tsare turken, a murɗa turken ciki zagaye 1, a mayar da sukurun. In bai kai ta farko ba, a murɗo shi waje zagaye 1. Makullin da ya zarce alama ba ya riƙe cak yadda ya kamata, kuma wannan ne ya fi ban tsoro. Ɗan lilon da turke ke yi bayan an sa sukurunsa ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi.

Wajen saukewa, a kashe wuta daga babban makunni, maɓallin tsayarwa kaɗai bai isa ba. A cire mabuɗin cak, a janye wuƙar yanka nesa, a shimfiɗa katako a kan gadon injin. Cak na milimita 200 yana iya kaiwa kilo 15 ko fiye, in ya suɓuce ya ishe shi ya farfasa yatsu ya kuma lotsa gadon. A kwance makullai a bar na sama ƙarshe. Idan ya ƙi fita, a ɗan buga shi da gudumar roba, hannu ɗaya na tallafe da shi. Kada a cusa sukundireba a tsakani.

Kafin ɗorawa a goge bayan cak da bakin injin tas. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya tak zai karkatar da cak ya kuma ji wa bakin injin rauni. A yi alama a cak da bakin injin don ya riƙa komawa mazauninsa. A ɗaure makullan sama-sama tukuna, sannan a sake bi da ƙarfi. A juya da hannu a tabbatar haƙora ba sa taɓa gado, a duba ko cak ya karkace da agogon awo (na'urar auna karkata), a tayar a gudu mafi ƙanƙanta. Kada a wuce iyakar gudun da aka rubuta a jikin cak.

Aibinsa ɗaya: ramukan makullai suna tara datti, sai an riƙa share su ana sa ɗan mai. Ga wanda yake canza cak sau da yawa a rana, ya fi mai zare nesa ba kusa ba.