Leda da kwalin adana tsofaffin mujallu: wata shida kenan ina amfani da su

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka zo buɗe adakarsa ta ƙarfe a gidanmu na Kaduna sai ga tulin mujallu a can ƙasa an ɗaure da igiya, yawanci African Film ne, wato na Lance Spearman ɗin nan da iyayenmu ke kira Spear kawai. Kamfanin Drum ne ya fara fitar da ita a 1968, labari ne da hotunan mutane na gaske baƙi da fari, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa, Spear da malafarsa da sigarinsa yana fafatawa da Rabon Zollo. Kuɗin da ke jikin bangon ma da sule aka rubuta tunda sai 1973 aka fara naira. Akwai kuma Ikebe Super na Wale Adenuga guda shida da Powerman guda biyu. ’Yan uwa suka ce a ba mai ƙosai, nace wallahi a'a, na kwaso abina.

Matsalar ita ce takardun sun riga sun yi ja kamar an jiƙa su a ruwan shayi, gefensu kana taɓawa yana marmashewa. Irin takardar jarida ce mai arha da ake yi da markaɗaɗɗen itace, akwai wani sinadari a cikinta da idan ya haɗu da iska da haske sai ta koma rawaya ta dinga yin asid tana cin kanta da kanta. Irin wannan takardar ce ma ta sa ake kiran tsofaffin mujallun labaran Amurka na sisin kwabo da sunan pulp, wato markaɗaɗɗen itace, waɗanda suka fara da Argosy a 1896 suka zo suka mutu wajajen shekarun 1950. Masu tara su a can sun daɗe da gano maganin abin, kowace mujalla a sa mata kwali marar asid a baya sannan a zura ta cikin leda ta musamman. To shi na yi oda a intanet, leda ɗari, kwali ɗari, sai kuma irin mai tsadar nan ta Mylar guda goma kacal don ita kuɗinta ba wasa.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai don kar wani ya faɗa ramin da na faɗa. Na rubuta wa mai sayarwar ƙarara cewa na mujalla nake so, amma da kaya suka iso bayan sati uku sai naga ya turo min na ƙananan littattafan zanen Amurka na yanzu, waɗanda faɗinsu bai cika inci bakwai ba. Na gwada zura Spear ɗaya, ta shiga rabi ta cije, da na ja ta baya sai kusurwar bangon ta ɓalle ta rage a cikin ledar. Wallahi ranar ko abincin dare ban ci da daɗi ba, abin da ya shekara sama da hamsin a adaka lafiya lau sai a hannuna ya yage. Mai sayarwar ya yarda kuskurensa ne ya canza min, amma kuɗin aikowa na biyu ni na biya, kuma kuɗin aikowar nan ya kusa kamo kuɗin kayan gaba ɗaya. Don haka duk mai son saya ya ɗauko rula ya auna faɗi da tsawo da kaurin mujallarsa tukun, ya tura wa mai kaya lambobin, ya kuma ce a ɗauko masa hoton jikin fakitin kafin ya biya.

Da daidai girman ya zo kuwa, gaskiya sai sambarka. Kwalin fari ne tas mai ƙarfi, gefe ɗaya santsi da sheƙi ɗayan kuma garas-garas, a kan mai santsin ake kwantar da mujallar. Dabarar da na koya bayan wancan tsautsayin ita ce in fara ɗora mujallar a kan kwalin sannan in zura su tare a hankali, kwalin ne ke buɗe hanya, takardar ba ta gogar komai. Mujallar da a da in ka ɗaga ta sai ta lanƙwashe kamar ganyen da ya kwana a rana yanzu tana tsaye cak, kana iya miƙa wa yaro ya kalli bangon ba tare da gabanka yana faɗuwa ba.

Ledar mai arha tana da laushi kuma bayan 'yan watanni wasu sun fara yin ɗan yamutsi, dama ita irinta sai an riƙa canzawa bayan wasu shekaru. Mylar ɗin kuma wani abu ne daban, tana da tauri, garau kamar gilashi, har launin bangon sai ka ga kamar ya ƙara fitowa, shi yasa manyan ɗakunan adana tarihi ke amfani da irinta. Guda goman nan na ba waɗanda na fi ji da su, ciki har da wadda baba ya rubuta sunansa da biro a saman bango da shekarar 1970. Da ina da hali duka a ita zan sa.

Abu ɗaya da ban so ba a tsarin ledar mai arhar shi ne gam ɗin rufewa a jikin marfin suka sa shi. Kana zaro mujalla in ba ka yi hankali ba marfin ya juyo ya manne a bango, in ka ɗaye kuma sai ya tafi da fenti. Akwai irin wadda gam ɗin ke jikin bayan ledar, ita ya kamata a nema. Ni yanzu bana ma cire takardar da ke kan gam ɗin, cusa marfin nake yi ciki ta bayan kwalin shikenan. Salatif kuma kar ma ya kusanci wajen, akwai guda uku da baba ya liƙe tsagarsu da shi tun da can, wajen ya zama ruwan ƙasa ya yi maiƙo har ya huda zuwa shafi na gaba, babu ledar da za ta gyara wannan.

Sannan kar wani ya ɗauka leda ta gama magana, waɗanda suka ƙera ta ba su san damunar Kaduna ba. A watan Agusta na buɗe guda ɗaya naji warin fumfuna, ashe na rufe ta ne ranar da aka wuni ana ruwa, danshin ya zauna a ciki, ƙarfen da aka ɗinke tsakiyar da shi har ya fara sabuwar tsatsa yana ɓata takarda. Dole na fito da su duka na shanya a ɗaki a inuwa, ba a rana ba, na bari sai da iska ta bushe sannan na mayar. Yanzu a tsaye nake jera su cikin bokitin roba mai murfi mai kusurwa huɗu, na zuba ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, na ɗora a saman kabad nesa da bango saboda gara, don gara in ta samu hanya kwalin ma abincinta ne.

Wani abokina da ya gani cewa yayi ko kuɗi nake hange, tunda ya ji an sayar da fitowar farko ta Superman ta 1938 dala miliyan 6 a 2024. Nace masa nawa ko mai saye ya zo ba na sayarwa bane. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Baffa, ƙanin baba, guda biyar a ledarsu, ya sa tabarau ya daɗe yana kallon bangon bai ce komai ba, can yace in zaro masa ɗaya, wai akwai wadda aka tsaya daidai inda aka ɗaure Spear a kujera kuma shi har yau bai samu ci gabanta ba. Mun duba duka arba'in da ɗayan da ke hannuna babu ita. Leda ta rage min fiye da hamsin babu komai a ciki, in akwai wanda ke da ragowar Spear a adakar gidansu don Allah kar a kai wa mai ƙosai, a neme ni mu daidaita.