Hasken leza biyu, tambaya biyu: BARDOT da Raman

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hanyar BARDOT da hanyar Raman abu ɗaya ne, tunda duk leza ake haskawa a gane bakteriya. Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana cikin abin da hasken yake komowa da shi.

BARDOT, gajeren sunan Turanci na hanyar gane bakteriya da sauri ta watsuwar haske, a Jami'ar Purdue ta Amurka aka ƙirƙiro ta. Ana shuka bakteriya a faranti har tarinsu ya kai faɗin kamar milimita 1, sai a ratsa shi da jan leza mai tsawon zango nanomita 635. Hasken bai canja launi ba, watsuwa kawai ya yi, ya zana zobba da layuka a kan kyamara. Kwamfuta ta gwada zanen da waɗanda ke rumbunta, ta ce wannan Listeriya ce ko Salmonela. Wato ginin tarin take karantawa: tudunsa, kaurinsa, yadda ƙwayoyin suka jeru. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a taɓa tarin ba, yana nan da rai don wani gwajin. Sai dai dole a jira ya tsiro, kuma in aka canja abincin da aka shuka shi a kai, zanen ma ya canja.

Raman kuwa cikin ƙwayar take leƙawa. C. V. Raman, masanin kimiyya ɗan Indiya, ya gano a 1928 cewa ɗan kaɗan daga hasken da ya bugi abu yana komowa da sabon launi, saboda ya yi musayar ƙarfi da sinadaran abin. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1930. Canjin launin shi ke tona furotin, kitse da DNA na ƙwayar, har ana iya auna ƙwaya guda ba tare da shuka ba. Matsalarta rauni: ɗigon haske ɗaya cikin miliyoyi ne ke canjawa, ƙyallin da ƙwayar kanta ke fitarwa ma yakan binne shi. Shi ya sa ake ɗora samfur a kan ƙananan ɓarɓashin azurfa ko zinare don ƙara masa ƙarfi, amma samun sakamako iri ɗaya kullum da su yana da wuya.

In ɗakin gwajinku na abinci ne, kuna shuka faranti da yawa dama, BARDOT zan zaɓa. In ƙwayar ba ta tsirowa da sauƙi, ko jiran kwana ba zai yiwu ba, Raman ce.